Tsamiya a Karofin Malam Nata'ala

Limawa, Dutse, 9 ga Shawwal, 1338

Daga Lado marini zuwa ga taubashinsa Ɗan'inna, a Fagge ta Kano. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Bayan gaisuwa, mutanen gida lafiya lau. Mahaifiyarka Gwaggo Iyatu tana nan garau. Ƙafar ce dai take taɓa ta idan hadari ya haɗo, amma ba ta fasa kawo mana toka marina kowace safiya ba. Ta ce in gaya maka goron da ka aiko rabinsa tsutsa ce, kuma ta gode. Matata Hassana tana gaishe ka. An yi shuka, gero ya tsiro.

Ni ne dai ba lafiya, ciwon kuwa ba na jiki ba ne. Ka san karofin da marigayi mahaifina ya haƙa da hannunsa a marinar Malam Nata'ala, na gindin marke. Shekara goma sha tara ina yi wa Malam rini a ramukansa goma sha ɗaya, ana ba ni kashi ɗaya cikin uku. Na goma sha biyun kuwa nawa ne, abin da ya fito cikinsa na gidana ne. To, bayan Ƙaramar Sallah da kwana uku na zo da safe na tarar da Ɗanladi, ɗan Malam, tsaye a kansa riƙe da muciya. Wai ubansa ya ba shi tunda ya yi aure. Mutumin da har yau bai san ruwan da ya nuna da wanda ya ruɓe ba!

Na je wurin Malam na durƙusa, na ce, "Malam, ramin mahaifina ne fa." Fatake huɗu na zaune suna jiran kayansu. Ko sassauta murya bai yi ba, ya ce, "Ramin nasa ne, ƙasar tawa ce. Ɗauki raminka ka tafi da shi." Suka kwashe da dariya, har ɗaya ya ƙware da goro. Sannan ya ƙara da cewa ai ubana bara ne a gidansu, ni ma haka.

Ɗan'inna, wallahi tun ranar abinci ba ya shiga. Ina juya ruwa, ina jin kamar wuyansa ne a ƙarƙashin muciyar. Na yafe wa mutumin nan abubuwa da yawa. Wannan kam ba zan yafe ba, sai ya ɗanɗana kuɗarsa.

Ina so ka gaya mini gaskiyar aikin kantin nan naku na Turawa. Nawa ake ba ku? Suna ɗaukar irina, wanda ba abin da ya sani sai zane da shuni? Ka ba Muntaka mai jakuna amsa, zai juyo bayan kwana goma. Allah ya sada mu da alheri.

Fagge, Kano, 21 ga Shawwal

Daga Ɗan'inna, mutumin birni, zuwa ga Lado mai baƙin hannu. Aminci ya tabbata gare ka da iyalinka.

Takardarka ta iso, na yi murna da jin lafiyarku. Ni ma lafiya ƙalau, ba abin da ke damuna sai ƙiba. Ka gaya wa Iya tsutsar ma da kuɗina na saya.

Ashe akwai ranar da Lado zai nemi fitowa daga rami! To ka zo a kan gaba. Kantinmu na sayen fatu ne, ni ina kan sikeli, amma akwai ɓangaren yadi, mai tsaronsa kuwa zai bar aiki bayan Babbar Sallah. Bature yana neman wanda ya san zane, wanda zai zauna da fatake ya nuna musu baƙin da zai zuba da wanda ba zai zuba ba. Na riga na yi wa akawu maganarka. Sule ashirin da biyar kowane wata, a tafin hannu, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. A inuwa, Lado! Ba warin karofi, ba toka a ido. Za ka ci nama ranar da ba Sallah ba, ka ga jirgin ƙasa da idonka, in ba ka ruga da gudu ba. Sai dai mu nemi sabulun da zai wanke hannun nan naka, kada Bature ya ɗauka kuturta ce sabuwa.

Maganar Malam Nata'ala kuwa ta ɓata mini rai. Ina tsaye aka haƙa ramin nan, na ga Kawu, mahaifinka, yana fitowa jikinsa duk jar ƙasa. Amma ai na san halinka. Za ka yi ta huci, kana gamawa ka koma ka durƙusa ka ce, "Malam, an tashi lafiya?" Da ni ne, ba zan bar garin ba sai na bar masa abin da zai riƙa tuna ni da shi kowace safiya. Amma ina! Kai da ko kaza ba ka iya yankawa sai ka rufe ido.

Ka yi shawara ka aiko mini. Ka gaida Hassana, ka ce ta fara koyon tafiyar matan birni.

Limawa, Dutse, 6 ga Zulƙida

Daga Lado zuwa ga Ɗan'inna. Ina gaishe ka gaisuwar zumunta.

Muna lafiya. Gwaggo ta yi dariyar maganar tsutsa har da hawaye. Ruwa ya zauna sosai, an gama noman farko.

Kwana biyar ina juya maganarka. A nan, watan da aka yi ciniki sosai abin da nake samu bai wuce sule goma sha biyu ba, wani ma da kuɗin wuri ake biya, wani da dawa. Hassana tun da ta ji ashirin da biyar ta fara haɗa ƙorenta. Amma bari in gaya maka abin da ban gaya mata ba. Ka san lokacin da ake ɗaga zane daga ruwa yana kore, iska ta buge shi, ya juye baƙi a hannun mutum? Shekara goma sha tara, har yau sai na tsaya na kalla. Da harshena nake sanin ruwa ya nuna, ba wanda ya iya wannan a marinar nan sai ni. A Kano kuwa zan zauna in riƙa tallan baƙin da wani ya rina a ƙasar da ban sani ba. Da maganar kuɗi ce kaɗai, wallahi da ban tafi ba.

Amma kowace safiya sai na wuce Ɗanladi yana dagula ramin mahaifina, sai na gaida ubansa, sai na ce na gode idan ya miƙo mini kasona. Daɗin aikin ya tafi, saura ɗaci. Ka gaya wa akawu ina zuwa bayan Sallah.

Ka ce ko kaza ba na iya yankawa. To saurara. Ruwan rini da toka yake rayuwa, tsami kuwa kashe shi yake yi. Malam ya zuba duk shuninsa na bana a ramukan nan goma sha biyu saboda Babbar Sallah, ya karɓi fararen zannuwan fatake har daga Haɗeja. Na tanadi tsamiya kwando biyu. Zan ƙulla ta a tsummoki da dutse a ciki, ranar kasuwa da hantsi idan marina ta watse in jefa ɗaya a kowane rami. Ba za a ga komai ba sai bayan kwana uku ko huɗu. Kafin nan na yi sallama da Malam cikin ladabi, na kai Hassana gidansu a Aujara.

Za ka tambaya ko har da na mahaifina. Har da shi. Gara ya mutu a hannuna.

Kowa zai gane ni ne, haka kuma nake so. Ina so ya zauna a bakin ramukansa ya kira sunana, ni kuwa na yi nisa. Ga abin tunawar da ka ce. Allah ya kai mu.

Fagge, Kano, 17 ga Zulƙida

Daga Ɗan'inna zuwa ga ɗan'uwansa Lado. Gaisuwa, da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka kafin ranar kasuwa.

Yau ba wasa a bakina. Lafiyata ma da na ce maka, ban faɗi gaskiya ba. Ba ƙiba nake yi ba, tari nake yi, saboda garin maganin da ake barbaɗa wa fatu.

Lado, wasan taubasai na yi maka, kamar yadda muka saba tun muna yara. Ban aike ka kashe karofi ba. Ka zubar da tsamiyar nan, ko ka ba Hassana ta dama kunu.

Ga gaskiyar aikin da ka tambaya tun farko, na ƙi faɗa don kada ka yi mini dariya. Ashirin da biyar ɗin gaskiya ne, amma a nan ɗaki da kuɗi, ruwa da kuɗi, itace da kuɗi, kafin wata ya raba sun ƙare. Ƙararrawa ce ke tashe mu, ita ke sallamar mu. Idan ka makara akawu ya yanke maka sisi. Azahar a bayan tarin fatu nake yin ta, ido ɗaya na kan ƙofa. Mai tsaron yadin da za ka gada ba don kansa zai tafi ba, marin sa aka yi gaban jama'a saboda almakashi ya karkace. Shekara shida ina nan, ba ni da abu ɗaya da zan ɗaga in ce ni na yi wannan. Da na karanta abin da ka rubuta na zane yana juyewa a hannunka, sai da na ajiye takardar, don hassada ta kama ni. Kana da abin da ba ni da shi. Idan zama da Malam ya gagara, ka nemi wata marinar a Aujara ko wani gari, hannunka ba zai rasa mai so ba.

Sannan ka yi tunani, kai da ka fi ni sanin marina. Idan ruwa ya mutu, wa ake fara kira? Ba mai toka ba? Wa ke kawo muku toka?

Muntaka ya ce kogin Wudil ya cika, jakuna ba sa hayewa, amma na roƙe shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Don Allah ka dakata.

Aujara, 4 ga Zulhajji

Daga Lado zuwa ga Ɗan'inna, wanda ya yi shiru kamar an aiko masa da sammaci. Ina gaishe ka.

Muna lafiya a gidan surukai, ana ta ba ni fura kamar baƙon kirki. Wata guda ke nan ban ga takardarka ba. Ko tsoro ne ya kama ka, jarumin birni?

An yanka kazar, kuma idona biyu a buɗe. Wani mai kanwa da ya fito Dutse ya ba ni labari, bai san da wa yake magana ba. Duka goma sha biyun sun mutu. Kumfar ta kwanta, ruwan ya koma kamar na wanki, wari har bakin hanya. Ɗanladi ya yi ta zuba toka yana juyawa har hannunsa ya yi kanta. Fatake suka zo suka kwashe fararen zannuwansu suna zagi, Malam kuwa aka ce zama ya yi a ƙasa daɓas, rawaninsa a cinya. Na sa mai kanwa ya maimaita mini wurin nan sau uku, sannan na saya masa fura. Ranar na ci tuwo malmala huɗu.

Abu ɗaya ne ya rage mini daɗi: ba wanda ya kawo sunana. An ce sun sami wanda suka ɗora wa, ban ma tambayi ko wane ne ba, su ƙarata can.

Ga abin dariya kuma. Jiya Malam ya aiko mini da manzo har Aujara. Wai da Lado na nan da haka ba ta faru ba. Wai in yi wa Allah in koma in tayar masa da marina, zai mayar mini da ramin mahaifina, ya ƙara mini da wani. Ka ji mutumin da ya ce in ɗauki ramina in tafi!

Yanzu ga ni a tsakiya. Rami biyu nawa na kaina, da aikin da nake so, da Malam yana lallashi na kullum, ko kuwa sule ashirin da biyar ɗinka. Gaskiya zuciyata ta fi karkata gida. Amma zan bar shi ya jiƙu tukuna har bayan Sallah. Ka riƙe mini gurbin nan kafin in yanke. Mai kanwa ne zai kawo maka wannan. A yi Sallah lafiya.

Fagge, Kano, 19 ga Zulhajji

Daga Ɗan'inna zuwa ga Lado. Sallama wajibi ce, shi ya sa na yi maka ita.

Ba ka tambayi lafiyar Iya ba, amma zan gaya maka. Tana kwance.

Ka ce ba ka tambayi wanda aka ɗora wa ba. Muntaka ya iso shekaranjiya, shi ya tambaya. Da aka kwashe ramukan an sami tsummoki da ɓawon tsamiya. Wani ya ambaci sunanka, sai Malam Nata'ala da kansa ya tashi ya ce a yi shiru. Ya ce marini ba ya kashe karofi, ba a taɓa yi ba, balle Lado da ya tashi a hannunsa. Duk marina suka ce haka ne. Sai aka juya kan mai toka, wadda ke da tsamiya a tsakar gidanta, wadda aka ƙwace ramin ɗan'uwanta.

Aka kai ta gaban mai unguwa, tsohuwa mai ɗingishi, jama'a cike da ƙofar gida. Aka kawo Alƙur'ani aka ce ta dafa ta rantse ba ta san komai a kan tsamiyar nan ba. Ta dube shi, ta mayar da hannunta cikin zane. Sau uku ana ce mata ta rantse. Na rasa abin da ya hana ta, ita da ba ta da laifi, amma ƙin rantsuwar nan shi ya gama da ita. An kwashe awakinta huɗu, an hana ta taka marina. Ranar Sallah ko tsoka ɗaya ba wanda ya aika mata. Kai kuwa kana Aujara kana cin malmala huɗu.

To ji nawa. Gurbin kanti babu shi, ni da kaina na kai wa akawu wani. Ramin da kake lissafin komawa kuwa, muddin ina numfashi ba za ka tsoma muciya cikinsa a kan sunan uwata ba. Takardarka ta shida ga Zulƙida tana cikin layata, da rubutun hannunka, kwando biyu da tsummoki da komai.

Na ba ka kwana goma sha biyar ka je ka faɗa da bakinka. In ba haka ba zan ajiye sikelin nan, in zo in karanta ta a ƙofar masallacin Juma'a. Daga nan in bi ka duk marinar da ka nufa, daga Dutse har Haɗeja, ina karantawa. Ba ni da aikin da nake ƙaunar da zai riƙe ni a nan, ka sani.

Limawa, Dutse, 3 ga Muharram, 1339

Daga Lado zuwa ga Ɗan'inna. Ina gaishe ka, ko ka amsa ko kada ka amsa.

Gwaggo ta fara shan kunu, tana zama, amma ba ta fita.

Takardunka biyu rana ɗaya suka same ni, ta Zulƙida da ta Zulhajji. Ta farkon kwana arba'in ta yi a hanya, don Muntaka ya kawo ta Limawa ina Aujara. Ba don in wanke kaina na faɗa ba. Abin da ka hango daga Kano, ni da nake karɓar tokar daga hannunta kullum ban hango ba, don ba kowa a idona sai Malam.

Kada ka ajiye sikelinka, ba sai ka zo ba. Na je marina da hantsi, kowa na nan. Malam ya taso da murna yana cewa a kawo mini tabarma. Na ce a tsaye zan yi magana. Na faɗi komai, da ranar, da yadda na ƙulla. Abin da na daɗe ina jira ke nan, in ga fuskarsa lokacin da ya san ni ne. Na kuwa gani. Bai zage ni ba, sai ya ce, "Har da na ubanka?" Na ce har da shi. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi, amma daɗin bai kai ni ƙofar marina ba.

Dattawa sun yanke ba zan ƙara taɓa muciya a ƙasar Dutse ba, kuma labarin zai riga ni zuwa ko'ina. Amfanin gonata na bana na Malam ne. Awaki biyu an mayar wa Gwaggo, biyun an riga an ci. Hassana ta ce tana Aujara tukuna.

Ka ce ka rasa abin da ya hana ta rantsewa. Akwai abin da ban rubuta maka ba. Tsamiyar nan daga hannunta na karɓa. Na ce mata Hassana ce ke sha'awar kunu, ta cika mini kwando biyu da kanta, ta ƙi karɓar ko wuri.

Daga marina gidanta na nufa. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Gwaggo, na faɗa musu. An wanke ki."

Ta dube ni ta ce, "Wa ya aike ka?"

Na ce, "Ɗan'inna ne ya rubuto."

Ta ce, "Kai Lado, kana tsammani ban sani ba? Wace mace ce za ta sha kunun kwando biyu? Tun da aka ciro tsummokin nan na gane. In dafa Alƙur'ani in yi ƙarya ba zan iya ba, in kira sunanka ba zan iya ba. Na ce ni na tsufa, kunyar ba za ta daɗe a kaina ba, kai kuwa da sauranka. Na ji an aika maka ka dawo, na ce alhamdu lillahi, ramin ɗan'uwana zai koma hannun ɗansa. Yanzu fa? Zagin na sha shi, ramin ya tafi, hannunka ma ya tafi. Me na saya da mutuncina?"

Ta ce in rubuta maka wannan, kada in rage ko harafi: "Ka gaya wa na Kano, ni na rufe bakina da kaina, ban nemi mai rama mini ba. Kai ka rama, shi ya rama, ni kuka bari da kayan."

Ta juya fuskarta bango. Yau kwana huɗu ina zuwa ƙofarta, ba ta amsa sallamata. Ta kuma ce idan takardarka ta zo, kada a karanta mata.